Sumba Uku da Jar Jaka

"Kar ki taɓa shi!"

Kowa a falon ya juyo. Mama Greetje, mai bikin ranar haihuwa, ta tsaya a sunkuye, sumbar da ta nufi kumatun Pim ta maƙale mata a baki. Renske ta janye ɗanta bayanta, ɗaya hannun a damƙe da jar jakar allurarsa, wadda ko banɗaki da ita take shiga.

"Yi haƙuri, Mama... yanzu na ga kin ci gyaɗa."

"To sai me?"

"Ko ɗigonta ya taɓa bakinsa, numfashinsa toshewa yake."

Baƙin da ke zagaye a kan kujeru suka hau kallon juna. A garin Zwolle na ƙasar Holan ka shigo biki ka hana sumba uku ta gaisuwa? Ai ka ja wa kanka magana!

"Iyayi ne kawai," in ji Mama. "Tun da ɗana ya haɗu da ke, ko kumatuna ya daina sumbata. Yau ma hannu ya ba ni, sai ka ce mai gyaran famfo!"

"Mama, na gaya miki dalili," ɗan nata, Wessel, ya faɗa a hankali.

Renske ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shekara huɗu rabonta da ta zauna daram a kujera. Kullum ido a bakunan mutane, kullum karanta bayan kwalin abinci. Uban Pim ma gajiya ya yi ya kama gabansa. Tana son Wessel kamar ranta, amma duk lokacin da ya kawo maganar aure sai ta sille, don ba ta yarda da hannun kowa a kan yaron nan ba.

"Tafiya za mu yi," ta ce.

Caraf Annelot ta miƙe, tsohuwar budurwar Wessel, wadda Mama har gobe take wa kallon suruka, bakinta na ƙyallin man gyaɗa.

"Haba 'yar uwa, ke dai ai ba kya kumbura ko?"

Ta manna mata sumba a kumatun dama, hagu, dama. Aka kwashe da dariya. Kunya ta hana Renske kaucewa.

A bakin ƙofa ta durƙusa tana zuge wa Pim rigar sanyi, hawaye na zuba.

"Mami, kar ki yi kuka..."

Ya ɗora ɗan bakinsa a kumatunta.

Ba su kai inda ta ajiye kekenta ba ya fara tari. Leɓensa ya haye, numfashinsa ya koma fito.

"Wayyo! Kumatuna... ni ce! Ni na ba shi!"

Ta zazzage jakar a ƙasa, allurar ta suɓuce mata. Sai ga Wessel a guje. Ya ɗauka, ya cire murfin, ya danna a cinyar Pim ta kan wando, ya riƙe gam.

"Mama, kira motar asibiti! Yanzu!"

Mama Greetje, da ta biyo su da farantin kek a hannu, ta saki farantin ta ruga.

A asibiti, bayan numfashin Pim ya daidaita ya yi barci, Renske ta dubi Wessel da jajayen idanu.

"Wa ya koya maka?"

"Lemon zaƙi. Na ɓarke kusan kwando guda ina gwajin allura a kansu, masoyiyata." Ya sosa ƙeya. "Gyaɗa kuwa, tun ranar da na fara ganin ku na sallame ta, shi ya sa ma na daina sumbatar Mama."

Aka ƙwanƙwasa. Mama ce, fuska jajur don dirzar sabulu, babu jan baki, hannaye a baya. Daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Na wanke har sau nawa... amma ba zan matso ba sai kin ce." Ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, 'yata."

"Shigo, Mama."

Renske ta dubi jar jakar da ke cinyarta. Igiyarta ta daɗe da yi mata kanta a kafaɗa. Ta ɗaga ta a hankali, ta rataya wa Wessel a wuya.

"Wannan ce amsar tambayata ta aure?" ya ce.

"Riƙe dai, malam. Barci nake ji."

Ta jingina da kafaɗarsa, ta rufe ido duka biyu.