Baƙin Fetur a Gindin Tsamiya

Magariba ta kawo jiki a Taba, Haliru direba bai gama da motarsa ba. Ya kwance totur, maƙogwaron nan da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, yana goge baƙin da ya daskare da tsohon burushi da fetur, kamar yadda ya saba don kada mota ta riƙa mutuwa a hanya. Da aka kira salla sai ya watsa dauɗar fetur ɗin a gindin tsamiyar bayan gida, ko bismilla babu. An ce sauri kan haifi nawa. Nasa saurin baƙin ciki ya haifa.

Tun daga ranar, rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara sauka a kan kwano, warin fetur ya cika ɗakuna. Sai Mukarrama, 'yarsa tilo da ya rena tun rasuwar uwarta, ta daina cin abinci. Takan zauna tana jijjiga zani a cinya kamar mai rarrashin jariri. Tausayinta ya hana Haliru sukuni, har ya ɗauko Malam Uwaisu daga Kudan.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar wata mata, a dishe.

"Jaririna na barci a gindin tsamiya aka watsa masa wannan guba, ya mutu. Da uban yarinyar nan ya ce bismilla, da na ɗauke shi."

"Bai sani ba, baiwar Allah," in ji Malam. "Yarinyar nan kuma ba ta da laifi."

"Ɗa a bakin ɗa. Da ita zan tafi."

Haliru ya durƙusa. Roƙo ya yi niyya, amma abin da ya fito masa shi ne abin da ake faɗa a gidan makoki.

"Ya haƙuri? Allah Ya sa mai ceto ne."

Sai hawaye suka fara bin kumatun yarinyar.

"Kai ne na farko da ya yi mini gaisuwa," in ji muryar. "Riƙe taka da kyau, ni ban iya riƙe nawa ba."

Mukarrama ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta dubi zanin da ke cinyarta.

"Baba, wa ya rasu?"

Haliru ya rungume ta ƙam.