Kyamarar Dogo a Kabad ɗin Baba

"Auta! Ke Auta! Wai wannan ƙyas-ƙyas ɗin da nake ji a ƙofar gida na mene ne?"

Auta ta shigo falo da sauri, mayafinta na zamewa, murmushi bai gama barin fuskarta ba. Baba na zaune a kujerarsa ta kullum, wadda hannunta ya koɗe, da rediyo a cinya. Umma na can lungu kan keken ɗinkinta, har ta ɗage ƙafa don kada ko kalma ɗaya ta wuce ta.

"Dogo ne, Baba. Ya zo gaishe ku. Sabuwar kyamararsa yake nuna min."

"Kyamara?"

Yadda ya faɗi kalmar kawai ya sa gaban Auta ya faɗi.

Shi Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, a shagon fentin yayansa yake aiki, kuma unguwa duk ta san Auta yake so. Ya daɗe yana ƙuntata wa kansa kafin ya mallaki kyamarar nan, irin baƙar nan mai nauyi da ake cire mata lensi, wato gilashin gaba, a sa wani. Ta masu koyo ce, ita ce ƙarama a danginta, amma ka ga yadda yake rungumar ta sai ka rantse jaririya ce. Da ya ji cewa Baba tsohon mai hoto ne, sai bawan Allah ya ɗauka ya samu hanyar shiga zuciyar suruki. Kaico! Da ya tambayi Auta tukuna.

Ya shigo ya durƙusa, ya gaida su, ya miƙa kyamarar da hannu biyu.

"Baba, na ce bari in kawo ka sa mata albarka. Ina so in riƙa ɗaukar hoto ranakun hutu, in Allah ya taimaka har in buɗe sitidiyo."

Baba bai ko kalle ta ba. Ya kashe rediyo, ya murtuke fuska.

"Yaro, ka ga shagon nan na bakin titi da ake sayar da caja da murfin waya? Sitidiyona ne. A cikinsa na tsufa ina wanke fim, har yatsuna suka sake launi. Rana ɗaya kowa ya samu waya a aljihu, aka daina leƙo ni. Na sayar da fitilu, na sayar da labule, na sayar da kyamarar da na fi so. Ka ga matar can?" Ya nuna Umma da haɓa. "Keken nan nata ne ya riƙe gidan nan, ni ina zaune. To 'yar da na haifa ba za ta maimaita wahalar uwarta ba. Ba zan ba mai hoto ba!"

"Baba!" Auta ta dafe ƙirji.

"Rufe min baki. Kai kuma, in da gaske kake, ajiye abin nan a nan ka tafi. In na ga za ka iya rayuwa ba ita, ma yi magana."

Dogo ya dubi kyamarar, ya dubi Auta da ke tsaye jikin labule tana girgiza masa kai. A hankali ya juya sikirin ɗinta ya kife shi ciki don kada ya goge, ya rufe lensin, ya sa ta cikin jaka tare da caja da komai. Ya ajiye jakar a gaban Baba.

"Ga ta, Baba. Sai dai don Allah a ajiye ta inda ba laima."

Baba ya ɗauke ta da yatsa biyu kamar wani abin ƙyama, ya shige ɗaki. Suka ji kabad ya yi ƙara, makulli ya juya.

Ranar Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta kife kai a cinyar Umma tana sheshsheƙa.

"Umma, me ya yi? Sata ya yi? Abin da ya fi so a duniya fa aka ƙwace masa saboda ni!"

"Yi haƙuri, 'yar nan," in ji Umma tana shafa mata kai. "Babanki ba mugu ba ne, ciwo ne da shi wanda bai warke ba. Kada ki ɗaga masa murya. Ki zuba ido."

To, aka zuba ido. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, Baba ko uffan. Dogo na zuwa gaisuwa kamar kullum, ya durƙusa, a amsa masa a daƙile, ya fita. In suna tsaye a ƙofar gida, hasken yamma ya faɗo kan bango ko yara suka wuce da gudu, sai Auta ta ga hannunsa ya kai ƙirji yana laluben igiyar kyamarar da babu. Wannan abu ya fi komai yi mata ciwo.

"Na san inda Baba yake ɓoye makullin," ta raɗa masa wata rana. "In ɗauko maka ita ka yi aikin bikin abokinka, in mayar kafin ya farga. Ba wanda zai sani, wallahi."

"A'a, Auta. Na riga na ba abokina haƙuri."

"To ko hoto ɗaya! Ba ka kewar ta?"

"Sosai ma. Har mafarkinta nake yi, ina jawo hoto kusa, ina saita shi, in farka in ga robar fenti." Ya yi dariya, ita kuwa ta kasa. "Amma ni na miƙa ta da hannuna. In na karɓe ta ta taga, da wane ido zan nemi ke ta ƙofa?"

Ta juya baya don kada ya ga hawayenta. Son sa ya ƙara kama ta, haushin Baba kuma ya ƙara cika ta, amma ta danne. Ta ci gaba da kai wa Baba shayi, tana goge masa takalmi, tana karanta masa saƙon waya, don Baba ya daɗe ba ya gani sosai, kuma in ka ambaci tabarau sai faɗa ya tashi. Sai dai ta rame, surutun nan nata da ke cika gida ya ɗauke.

A 'yan kwanakin nan ne Baba ya tsiro da sababbin halaye. Mutumin da ba ya rabuwa da kujerar falo, sai ga shi da hantsi ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ya bar taga a ɗan buɗe. Ya sa aka ɗage labulen falo, wai gidan ya yi duhu. Umma ita ma abin nata ya zama abin mamaki: da zarar ya shiga ɗaki sai ta hau keke ta yi ta takawa, ƙarar ta cika gida, ga shi kuwa ba wani ɗinki da aka kawo. Auta ta ɗauka gadin ta ake yi ta taga, ta ƙara jin baƙin ciki.

Wata Asabar da safe Baba ya ce a kira masa Dogo.

Ya zo da fenti a gefen hannun riga, don daga shago ya taho. Jakar na kan tebur. Baba ya tura ta gabansa ba tare da ya kalle shi ba.

"Ɗauki kayanka. Ba ni da ikon raba mutum da abin da Allah ya sa masa so. Ka je ka yi sana'arka, Allah ya ba da sa'a. Maganar Auta kuma a bar ta."

Auta ta zame jikin bango ta zauna. Shi ke nan, duk haƙurin ya tashi a banza!

Don ya ɓoye idonsa da ya cicciko, Dogo ya buɗe jakar, ya ciro kyamarar, ya cire murfi, ya kai ta ido. Sai ya sauke. Ya goge da gefen riga, ya sake dubawa.

"Inna lillahi... Baba, ko ta faɗi ne? Komai dishi-dishi nake gani. Ina jin laima ta shige ta."

"Wace irin laima!" Baba ya daka masa tsawa. "A kabad ɗina? Ɗan tayan nan ne na gefen inda kake sa ido, murza shi baya! Daidai ƙarfin idon mutum ake saita shi, ni na..."

Ya dafe bakinsa, amma ya riga ya makara.

Dogo ya murza ɗan tayan, komai ya dawo tar. Ya dubi Baba a hankali. Batir kuma cike yake fal, bayan duk watannin nan. Ya buɗe sikirin, ya danna.

"Kai, kai, me kake dubawa?" Baba ya miƙe rabi. "Ba ka zare katin ajiyar hotunan ba?"

"Yana ciki, Baba."

Auta ta rarrafo ta leƙa ta kafaɗar Dogo. Hoton farko rufin ɗakin Baba ne, a karkace. Na biyu ƙafarsa ce cikin silifa. Daga nan kuma sai hotunan suka canza. Ga hannuwan Umma kan keke, haske na zuba a kan zobenta da ya koɗe. Ga Umma ta gyangyaɗa da tsinken allura a baki. Ga kyanwar maƙwabta kan katanga. Sauran kuwa duk ita ce: Auta tana shanya, Auta tana shara, Auta zaune a bakin famfo ta zuba tagumi, ruwa ya cika bokiti yana zuba ba ta sani ba. Na ƙarshe an ɗauke shi kusa, tana kallon ƙofar gida, hawaye ɗaya ya tsaya mata a kumatu.

"Baba..." Auta ta ɗago kai. "Kai ka ɗauka?"

Baba ya koma ya zauna daɓas. Ya daɗe yana murza goshi.

"Cewa na yi bari in ga abin da yaran zamani ke yi wa rawar kai," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da na saita ta a idona, sai na ga gidana tar, rabon da in gan shi haka har na manta. Na ga furfurar uwarki. Na ga yadda kika rame. Kullum kina gabana da kofin shayi, amma sai ta cikin abin nan na ga abin da na yi miki." Ya share ido da bayan hannu. "Na kuma tuna daɗin da na hana yaron nan. Shi ya sa na ce ya ɗauki abarsa. Amma tsoro bai bar ni ba. Ina tsoron ranar da zai zauna kamar ni, ke kina taka keke."

Umma ta ture kujerarta ta taso. Ba ta saba sa baki in Baba na magana ba, amma yau ta tsaya a gabansa.

"Malam, wai wa ya ce maka na yi nadamar auren mai hoto? Ka taɓa tambaya ta? Keke bai taɓa gajiyar da ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ranar da ka ajiye kyamara ka daina kallon mu gaba ɗaya, ka koma kallon bango. Kana tsammanin ban ji ƙyas-ƙyas ɗinka ta taga ba? Ni da na yi ta taka keke ba ko zare, don kada 'yarka ta ji ka ji kunya! Ƙafafuna har yanzu ciwo suke yi."

Auta ta fashe da dariya cikin kuka. Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Baba ya so ya haɗe rai, abin ya ƙi.

"Ashe duk a tafin hannunki nake," ya ce. Ya juya wajen Dogo. "Kai kuma, da wannan maɓallin kore kake ɗaukar hoto? Oto?"

"Da shi na iya, Baba."

"Abin kunya! Kyamara na yi maka tunani kana kiran kanka mai hoto. To saurara. Shagon fenti ba za ka bar shi ba sai hoto ya tsaya da ƙafarsa. Duk Asabar ka zo nan in koya maka haske. Kuma ka faɗa wa manyanka ina jiran su."

Dogo ya rasa bakin godiya, sai "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma" yake ta maimaitawa. Auta ta rufe fuska da mayafi ta ruga bayan Umma.

"Tsaya, ban gama ba," in ji Baba. "Hoton bikin nan ni zan ɗauka. Ba zan bari wani yaro ya yanke wa 'yata kai a hoto ba."

Haka kuwa aka yi. Ranar bikin an ga tsoho da sabon tabarau a aljihu, kyamara a wuya, yana ta ba mutane umarni su matsa wajen haske. Hoton da ya ɗauka yana nan rataye a falon Auta, an yi masa firam, tana dariya har da hawaye.

'Yan uwana matasa, iyaye kan hana mu abu ba don ƙiyayya ba, sai don tsoron ciwon da su suka sha. Da Auta ta saci makulli, ko Dogo ya ɗaga murya, da kabad ɗin nan da zuciyar Baba sun rufe gaba ɗaya. Haƙuri da ladabi suka ba tsoho lokacin da ya buɗe da kansa. Ku kuma iyaye, ku riƙa duban fuskokin 'ya'yanku da kyau kafin ku yanke hukunci, don ba kowane gida ne ke da kyamara a kabad ba.

Har yau, duk Asabar in Dogo ya karɓi kyamararsa daga hannun Baba ya kai ido, dishi-dishi yake gani. Sai ya yi murmushi, ya murza ɗan tayan baya.