Haruffan da Ba Sa Ƙyalli

Ranar da ta fara zuwa shagon, ba ta shiga ba. A tsallaken titi ta tsaya, riƙe da hannun wata 'yar siririyar yarinya, tana ɗaga wa kafinta hannu.

Ya kashe injin yanka katako, ya tsallako yana karkaɗe riga.

"Tsaya nan, Malam. Kada ka matso," in ji ta.

"Ikon Allah. Bashi na ci miki?"

"Ƙurar jikinka ce. Yarinyar nan asma gare ta."

Sai ya ja da baya. Daga nesa ta yi masa bayani. Yarinyar 'yar yayarta ce, suna ce mata 'Yar Firit. Uwar ta rasu da irin wannan ciwon, uban ya yi nisa, riƙo ya dawo hannunta. An gwada makaranta, ƙurar alli da sharar aji suka kai yarinyar gadon asibiti. Tun daga nan a gida take koya mata karatu. Allo babu, alli babu. Da ruwa da ɗan burushi suke rubutu a simintin tsakar gida, kafin a gama kalma rana ta shanye farkonta.

"Haruffa nake so na katako, manya, waɗanda za ta riƙe a hannu."

"An gama, Malama."

"Ni ba malama ba ce. Anti take ce min."

"Ni dai Malama na gani."

Ta kawar da kai don kada ya ga murmushin. Ya gani.

Kafinta bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya san aikinsa. Haruffan farko da ya yanka guntayen katako ne, ya kai mata samfur ko gogewar kirki ba su samu ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana leƙen ajinsu. Tabarma ce da kwanon murafan kwalba na lissafi. An manna takarda a jikin ƙofa, da buta, da kujera, kowanne da sunansa. Darasi gajere ne, da zarar Anti ta ga kafaɗun yarinyar sun fara ɗagawa sai a tashi. Idonta ɗaya yana kan harafi, ɗaya yana kan ƙirjin yarinyar. Abin shaƙar maganin asma kuwa kullum yana gefen tabarma.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, akwai gurbin babban ɗalibi a ajinki? Ba ya jin karatu amma yana jin magana."

Ta mayar masa:

"Ɗalibina, sai ka yi wanka tukuna. Ajinmu ba a shiga da garin katako a gira."

Haka abin ya fara. Ya kawo tsohon tef ɗin awo, 'Yar Firit ta auna komai na gidan, har ƙafar kakanta Baba yana barci. Lambobi suka zauna mata ba tare da an matsa ba.

Baba, mahaifin Anti, yana lura da su. Shi yana da mijin da ya zaɓa mata a zuciya, wani ɗan abokinsa ma'aikacin ofis, mai fararen kaya da mota.

To ga inda aka yi kuskure. Kafinta ba ya sakin aiki ba ƙyalli, a wurinsa abin kunya ne. Da ya gama cikakkun haruffan, sai ya shafe su da banish, man nan mai sa katako sheƙi, har shafi biyu don na masoyiya ne. Suna shan iska sama-sama ya zuba su a kwali ya rufe, ya aika.

Anti tana wanki a bayan ɗaki. 'Yar Firit ta buɗe kwalin, ta cusa fuska ciki don murna.

Tari Anti ta fara ji, sai kuma ta daina jin tarin, wannan ya fi ba ta tsoro. Ta tarar da yarinyar a durƙushe, wuyanta yana lotsawa, numfashi yana fita da ƙara siririya kamar usur. Ta danna abin shaƙa, ta sake dannawa. Leɓen yarinyar ya fara sauya launi. Irin launin da ta gani a leɓen yayarta ne.

Ba ta san sanda ta fito titi ba takalmi ba. A mota tana ta cewa, "Kalle ni, Firit. Ƙirga min murafai. Ɗaya. Ce ɗaya mana." Yarinyar ba ta ce ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Aka sa mata iska, da la'asar ta buɗe ido.

Kafinta ya iso asibiti a guje da kayan aiki a jikinsa. Baba ya tare shi a baranda.

"Kai ne mai ƙyallin?"

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba, shi ne abin tsoron. Na binne uwarta, ba zan binne ta don kwalliyar katako ba. Sana'arka ƙura ce, rigarka ƙura, gashinka ƙura. Kada na ƙara ganinka a ƙofata."

A gida kuma ya ce wa Anti, "In kin nace sai shi, ki tafi, amma yarinya tana nan wurina."

Aka zubar da haruffan. Kafinta ya turo saƙo:

"Malamata, ki gaya min ko tana numfashi daidai. Shi kaɗai nake tambaya."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa:

"Tana numfashi. Ka daina kirana haka."

Daga nan shiru. Ita ta ɗauka ya yi fushi ya haƙura. Shi kuma ya ɗauka ta tsane shi. Duka biyun ba haka ba ne.

Karatu ya tsaya. 'Yar Firit ta ƙi burushi, ta ƙi murafai. Kullum tambayarta ɗaya, "Anti, ni na sa aka kori Kawu Kafinta?"

Mai fararen kaya ya fara zuwa. Mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya ce gidansa ba zai iya da mara lafiya ba, a bar yarinya wurin kakanta, shi zai riƙa sayen magani. Baba ya ga hakan ba laifi.

Wata rana da hantsi Anti ta fita karɓo magani, ta bar Baba da yarinyar su biyu. Maƙwabta suka kunna shara, hayaƙi ya hauro katanga. Yarinyar ta fara wannan ƙarar. Baba ya ɗauko abin shaƙa. Dama hannunsa yana rawa tun bara, ranar kuwa ya ƙi tsayawa sam. Ya danna, maganin ya fesu a iska. Ya sake, abin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Tsoho ya durƙusa yana lalube, yana jin numfashin jikarsa yana ƙanƙancewa a bayansa.

A haka Anti ta shigo ta same su. Ta zaro abin, ta tallafe kan yarinyar, ta danna. Aka daɗe kafin ƙarar ta lafa.

Baba bai tashi daga ƙasa ba. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Ashe ni ma ba zan iya riƙe ta ba."

Washegari ya sa hula ya nufi shagon kafinta. A bayan shagon ya ga an kewaye wani lungu da langa-langa, ga bokiti da sabulu, ga kaya masu tsabta rataye cikin leda a ɗaure.

"Wannan fa?"

"Wurin wanka ne, Baba. In na tashi aiki a nan nake barin ƙurar. Na saki ɗakin da ke jikin shago, na kama wani can nesa."

"Wa ya ce maka za a ba ka?"

"Ba wanda ya ce. Na je na tambayi nas abin da ke tayar da ciwon, ta lissafa min, ta koya min danna abin shaƙa. Na ce ko ba a ba ni ba, kada na ƙara zama sanadi."

Ya buɗe wata roba mai murfi. Haruffa ne sababbi, an goge su da samfefa sun yi sumul, an wanke, an shanya har warin katako ya fita. Ba fenti, ba banish.

"Ba su da kyau," in ji Baba.

"Ba su da shi. Kunyarsu nake ji."

"Ɗauko su. Yi wankan tukuna, ina jira."

A tsakar gida aka yi gwajin. Kafinta ya zauna a bakin tabarma, gashinsa da danshi. Anti tana tsaye da abin shaƙa a hannu, babban yatsanta a kai. 'Yar Firit ta matso, ta ɗauki harafi, ta kai hanci kamar yadda ta saba. Ba wanda ya motsa. Baba ya runtse ido.

Yarinyar ta ja numfashi, ta sauke. Ta sake ja.

"Kawu, wannan ba ya ƙamshi."

"Haka aka yi shi, Hajiyar aji."

Ta haye cinyarsa ta fara jera su a tabarma. Anti ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Da yamma ita ta fara turo saƙo:

"Ɗalibina, gobe akwai aji. Kada ka makara."

"Malamata, da wanka ko ba wanka?"

"Gwada zuwa ba wanka ka gani."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Anti ta kafa sharaɗi, ba turare, ba hayaƙi, dangi suka yi ta gunaguni wai wannan wane irin biki ne. Baba ya ce wanda ba zai iya ba ya zauna a gida. Ya haɗa hannuwansu cikin nasa masu rawa ya ce, "Ga mata, ga 'ya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ta numfashi mai tsawo." Aka ce amin.

Ciwon bai tafi ba, tsoron ma bai tafi duka ba. Da za su shiga mota, 'Yar Firit ta ɗan yi tari, rungume da robar haruffanta. Kafin amarya ta buɗe jaka, hannun ango ya riga ya kai aljihun gaba, inda a da fensirin aiki yake zama. Abin shaƙa ne a wurin yanzu.

"Yawu ne ya sarƙe ni," in ji yarinyar. "Kun cika tsoro."