Jar Ƙwayar Mawashi

Ranar da aka fara raba ƙwayar ƙarin jini a Mawashi, da daminar 1976, babu wanda ya kawo wa ransa cewa magani zai kai wani kushewa. Ba a yi mako uku ba aka yi gawa.

Da hantsi rahoto ya iske Insifekta Jaji a ofishinsa na Kankiya. Yaro ɗan shekara uku, Sabi'u, ya yi ta amai baƙi har ya cika a asibiti. Ubansa, Ashafa manomi, ya ce Ma'aruf, malamin asibitin da ke rabon ƙwayar, shi ya ba yaron ya ce alewa ce. Mutanen gari sun taso wa Ma'aruf da sanduna, da ƙyar maigari ya kulle shi a zaurensa.

Jaji ya fara biyawa wurin likita.

"Ƙwayar ce ta kashe shi," in ji likita. "Ɗaya a rana magani ce ga babba, ashirin ga yaro guba ce. Amma na duba aman, ban ga ƙwaya a dunƙule ba. Niƙa ta aka yi, aka cuɗa da kunu."

A Mawashi ya tarar da Ma'aruf a tsugune, goshi a fashe.

"Me ya kawo wannan rabo?"

"Bincike likitoci suke, yallaɓai, su ga ko za ta rage mutuwar mata wajen haihuwa. Masu ciki kaɗai ake ba."

"Hannu da hannu?"

"Ina! Ni namiji, ya zan shiga gidan mutane? A zaure nake ba maigida ta wata guda. In ja fatar idona in nuna mashi: in cikin ya yi fari, jini ya yi ƙasa."

"Ka faɗa masu ta fi ƙarfin yara?"

Ma'aruf ya sunkuyar da kai. "Ban yi zaton sai an faɗa ba."

Da izinin dattawan gidan, Jaji ya yi magana da Kulu, uwar mamacin, ta bayan asabari. Cikinta wata bakwai.

"Allah ya jiƙan rai. Kina shan maganinki?"

"Kullum, ranka shi daɗe."

"Wane launi ne?"

Ta ce, "Fari."

Jaji ya dubi jar ƙwayar da ke tafin hannunsa, wadda ya karɓo wurin Ma'aruf.

"Wa ya dama kunun jiya?"

"Ni. Maigida ya amsa, ya ce zai ba yaron da kanshi a zaure."

Ashafa na zaune kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Jaji ya yi ta'aziyya, ya roƙi jama'a su ɗan ba su wuri. A lungun zauren, kusa da fartanyu, akwai dutsen wasa wuƙa. Ya shafa shi, yatsansa ya fito da jan gari. Ya miƙa yatsan gaban Ashafa.

"Malam Ashafa, yaro ɗan shekara uku ba ya niƙa."

"Yallaɓai, wannan malamin ne..."

"Kada ka rantse. Ɗanka ko kwana bai yi a ƙasa ba."

Ashafa ya dubi dutsen. Sannan ya buɗe baki.

"Na ja idon uwar, na ja nashi. Nashi ya fi fari, fat kamar auduga. Tun yaye ba shi da kuzari, taku biyar sai ya zauna. Na ce uwar babba ce, ta jure. Na rinƙa ba shi ɗaya-ɗaya, mako guda ban ga canji ba. Sai na ce ai ko gero in ka ƙara mashi taki ya fi tashi. Na niƙe sauran duka."

"Taki in ya yi yawa, ƙona shuka yake."

"Na sani, yallaɓai. A gona na sani."

"To me ya sa ka ɗora wa bawan Allah, har ana shirin kashe shi?"

"Da wane baki zan gaya wa uwarshi?"

Daga cikin gida aka ji ƙwarya ta faɗi ta fashe. Ba sai an gaya wa Kulu ba, ta ji da kunnenta.

Jaji, mai 'ya'ya huɗu, ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a nan. Ashafa ya shiga motar 'yan sanda da ƙafarsa. Aka buɗe wa Ma'aruf, ya bar garin ba wanda ya ce masa sannu.

Likitoci sun naɗe bincikensu kafin kaka, domin babu macen da ta sake yarda ta sha. Ko ƙwayar za ta taimaki matan Mawashi, ba a sani ba. Ciwon da ya sa idon Sabi'u ya yi fari tun farko ma, har yau babu wanda ya san ko mene ne.