Maƙwabciyar Baba Ɗanbala

La'asar ta yi sanyi a Kwandiko. Awaki sun fara dawowa gida da kansu, hayaƙin murhu ya kwanta bisa katangu ya ƙi tashi. A gidan marigayi Baba Ɗanbala kowa yana tsakar gida, amma shiru kake ji kamar an yi ƙaura. Abdulnasir, babban ɗan marigayin, ya dawo daga jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ya kishingiɗa da iyafis, abin sauraren waya, a kunne yana dariya shi kaɗai. Matarsa Na'ima tana bakin murhu, ita ma kunnenta a toshe. 'Yarsu Raliya tana latsa waya. Inna Jummai, matar marigayin, tana ɓarar gyaɗa, ba mai ce mata sannu.

Sai wani abu ya faɗo cikin kwanon gyaɗar, ƙwal!

Inna ta ɗauko ta juya shi a tafin hannu. Ba dutse ba ne. Tsohon batirin rediyo ne, tsatsa ta cinye shi, irin wanda aka daina sayarwa tun Abdulnasir yana yawo ba wando. Kafin ta buɗe baki na biyu ya sauka a kan kwanon rufi, na uku ya fasa bakin randa. Duk daga bayan katanga suke zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana ƙirgawa.

Abdulnasir ya zagaya da sanda. Bai tarar da kowa ba sai tsohuwar rijiyar da ta ƙafe tun kafin a haife shi, ƙaya ta rufe bakinta.

Inna Jummai kuwa ta san baturan.

Baba Ɗanbala mutumin rediyo ne. Shekara talatin da ɗoriya, kullum da la'asar sakaliya sai ya rataye rediyonsa a wata ƙusa a saman katangar baya. Abin da ke ba mutane dariya shi ne, fuskar rediyon waje take kallo, mutanen gida ƙeya yake ba su. In batir ya mutu, ya cilla shi ta katanga. Ranar Alhamis kuma ba ya fashin filin gaishe-gaishe. Da can kati yake aikawa, da waya ta zo sai ya koma bugawa. Sai ka ji ya yi tari sau biyu, sannan muryar nan mai kauri ta fito: "Ɗanbala ne daga Kwandiko. A gaida mini maƙwabciyata ta bayan katanga. Allah ya bar zumunci." Kowa ya ɗauka barkwancin tsufa ne, tunda bayan katangar ba gida.

Shekara biyu da suka wuce ciwo ya kai shi asibiti a Birnin Kudu, bai dawo ba. A can aka binne shi, a gidan ƙaninsa aka yi zaman makoki, a can Inna ta yi takaba. Abdulnasir ya ɗora hoton mahaifinsa a waya, kafin azahar labari ya kai Kano. Wani dattijo ya ce a kai sanarwa gidan rediyo yadda aka saba. Abdulnasir ya ce, "Baba, wa ke jin rediyo yanzu?" Da suka dawo gida aka cusa rediyon a buhu, aka tura ƙarƙashin gado.

Ita kuwa Raliya, Allah ya yi ta da baki. Sau ɗaya za ta ji muryarka ta ɗauke ta kamar kaza ta tsinci tsaba. Kwandastan motar babanta, mai tallan maganin basir na kasuwar Gwaram, har kakin da ladan ke yi kafin kiran salla, duk suna cikin maƙogwaronta. Tana da shirin murya da take naɗa a waya ta watsa, irin wanda ake ce wa fodkas, kuma 'yan mata har Birnin Kudu suna tura wa juna. A gaban mutane Inna takan ce, "Ja'ira, bakinki zai ja miki." Amma in ido ya ragu sai ta jawo ta ɗaki ta ce a hankali, "Yi mini shi." Raliya ta yi tari sau biyu, ta sauke murya, tsohon ya dawo ɗakin na ɗan lokaci. Ba su da kaset ɗinsa, ba su da komai. Abin da ya rage na muryarsa a duniya yana bakin yarinyar nan.

Jiya-jiyan nan, ana gobe jifa, kukan awaki ya hana ta naɗi. Ta zagaya bayan katanga, inda ko tsuntsu ba ya kuka, ta zauna a bakin rijiyar rana tana shirin faɗuwa. Ta yi tarin, ta yi gaisuwar Alhamis tiryan-tiryan. Sannan shaiɗancinta ya motsa, ta maƙe murya kamar ta tsohuwa mara haƙori ta amsa wa kanta: "Na amsa, Ɗanbala! Yaushe za ka aiko mini da goro, marowaci?" Ta ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. Ai jika ce, tana da wasa da kakanta ko yana kabari. Kafin gari ya waye mutum dubu sun saurara, suna ta cewa a ƙaro musu tsohuwar.

Washegarin jifan, Raliya ta durƙusa gaida mahaifiyarta, sai muryar kwandasta ta fito: "Birnin Kudu mutum ɗaya!"

Na'ima ta kai mata duka da mafici tana dariya. Raliya ta sake buɗe baki, mai maganin basir ya fito. Ta sake, ladan ya yi kaki. A nan dariyar ta tsaya, don hawaye ne ke zuba a fuskar yarinyar, hannunta biyu a wuya tana lalube, kamar mai neman abin da ya faɗa rijiya. Muryar kowa tana nan. Tata ce babu.

Da yamma ta yi sai abin ya ƙaru. Daidai lokacin da marigayi kan rataye rediyo, Raliya ta miƙe ta je ƙarƙashin ƙusar, ta ba gida baya, ta tsaya ƙyam. Ta fara zubo abin da kowa ya raɗa wa wayarsa a ɓoye. Da muryar Na'ima ta ce, "Wallahi Yaya, tsohuwar nan ko gishirin miya sai ta sa ido." Da muryar Abdulnasir ta ce, "Ki bari kawai, tuwon gidanmu sai dai haƙuri." Ba wanda ya iya kallon wani. Wanda ya sa iyafis don ya tsere wa abin, ba ya jin komai a ciki sai numfashi, a hankali, da ƙarar tsakuwa tana faɗawa rami mai zurfi.

Kwana uku ana haka. Raliya ta daina cin abinci, ta rubuta a takarda ta miƙa wa kakarta: Inna, na manta yadda muryata take.

A rana ta huɗu Abdulnasir ya sauke fasinja, ya ɗauko Malam Shehu daga Birnin Kudu, dattijo mai ƙaramin jiki wanda ba ya ɗaga murya. Malam ya sa aka zaunar da Raliya a tabarma, aka lulluɓe ta da mayafi. Ya yi alwala, ya zauna daf da kunnenta ya fara karatu. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Can jikin yarinyar ya sandare, wata murya ta fito wadda ba wanda ya taɓa ji, busasshiya, mai amsa-kuwwa kamar daga ƙasan rami.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya."

"Musulma ko kafira?"

"Na riga kakanka yin salla a garin nan."

"To me ya kai ki zaluntar baiwar Allah?"

"Zalunci?" Muryar ta yi wata dariya mara daɗi. "Ni da Ɗanbala muka yi alkawari. Ba zan tsallaka katangarsa ba, ba zan kasa kunne ga maganar gidansa ba. Shi kuma zai jiyar da ni duniya da yamma. Ta nan na san wanda aka haifa, na san wanda ya tafi, na san farashin gero. Rana ɗaya aka yi shiru. Damina biyu ina zaune ina kallon ƙusa. Maganar ma kun cusa ta a kunnuwanku, ko ɓurɓushi ba ya faɗo wa maƙwabci. Duk da haka ban tsallaka ba. Sai ran nan na ji tarinsa a bakin ƙofata. Na fito da gudu, Malam, ni da tsufana. Na tarar da wannan tana kwaikwayona tana buga cinya."

Abdulnasir ya ce, "Yarinya ce, wasan jika ne..."

"Da shi take da wasa. Ni jikar wa ce a gidanku?" Kan yarinyar ya juyo a hankali ƙarƙashin mayafin. "Na duba ɗakunanku ban gan shi ba. Ku fito mini da shi ya ba ni haƙuri da bakinsa, in sake ta. Ina kuka kai Ɗanbala?"

Malam Shehu ya dubi Abdulnasir, Abdulnasir ya dubi ƙasa. Malam ya ce a hankali, "Ashe ba ta sani ba. Aljani bai san gaibu ba, sai abin da ya ji."

Inna Jummai ce ta matso. Ta durƙusa a gaban jikarta, ta yi magana yadda ake yi wa babbar mace.

"Baiwar Allah, sai haƙuri. Mai gidan nan ya rasu. Shekara biyu ke nan da watan Safar."

"Ƙarya ne. Da na ji sanarwa."

"Ba a kai ba."

Ba ihu aka yi ba. Wani siririn sauti ne ya fito, dogo, kamar iska a bakin tulu, har awaki suka tattaru a lungu. Da ya yanke, muryar ta dawo a sanyaye, sanyin da ya fi faɗan ban tsoro.

"Dillalin awaki ya ji. Masu facin taya a tasha sun ji. Ni da na yi shekara talatin ina amsa gaisuwarsa, ban kai a gaya mini ba. To na riƙe yarinyar. Kullum da yamma ta zo ta yi mini shi, har ta tsufa."

"Ba ki isa ba," in ji Malam. "An ɓata miki, gaskiya ne, kuma za a kai sanarwa gobe, haƙƙin maƙwabtaka ne. Amma ba yanka, ba turare, ba 'yar mutane. Ki fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba. Aya bayan aya, jikin yana murɗewa, har muryar ta ce, "Tsaya! Zan fita. Rijiyar ma na bar muku, me zan zauna jira? Muryar yarinya ga ta nan, ba abin da zan yi da ita. Amma abin da yake nawa zan tafi da shi."

"Ba ki da komai a gidan nan."

"Gaisuwar Alhamis fa, ta wa ce?"

Kafin Malam ya amsa, Raliya ta yi atishawa sau uku ta zube. Ƙayar bakin rijiya ta yi motsi sau ɗaya. Ladan ya kira magariba.

"Umma, ruwa," in ji Raliya, da 'yar siririyar muryarta. Na'ima ta rungume ta tana kuka.

Washegari Abdulnasir ya kai sanarwa gidan rediyo. Mai karɓa ya dubi kwanan watan rasuwar, ya dube shi. Da yamma aka zaro rediyon daga buhu, aka sa sabon batir, aka rataye shi a ƙusarsa yana kallon waje. Gidan duka suka zauna, kunnuwa a buɗe, suka ji an karanta rasuwar Malam Ɗanbala na Kwandiko. Bayan katanga ba abin da ya motsa. Har wani tsuntsu ya sauka a bakin rijiyar yana kuka.

Cikin mako guda bakin Raliya ya dawo. Ta yi kwandasta, ta yi ladan, har Malam Shehu ta yi a ɓoye. Ta buɗe shirin nan don ta goge shi, ta tarar dariyarta tana nan, amma inda gaisuwar take babu komai sai shuuu. Ta tambayi ƙawayenta, kowacce ta ce nata ma haka.

Ranar Alhamis, da ido ya ragu, Inna Jummai ta jawo ta ɗaki ta saki labule.

"Yi mini shi."

Raliya ta gyara zama. Ta yi tari sau biyu, tarin yarinya. Ta sauke murya ta laluba inda tsohon yake zama a maƙogwaronta, ta tarar da wurin a share. Ta sake gwadawa, ta kuma sakewa.

"Ɗanbala ne daga Kwandiko," ta ce, da muryar Raliya.

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta jawo mayafi ta rufe kanta yadda ta yi a Birnin Kudu.

"Bari, 'yar nan," ta ce. "Ashe yau ne ya rasu."