Ranar da Hamidu Ya Hana Bidi Gudu

Faranti ne ya fara suɓucewa daga hannun Inna, kofin ruwan ya bi shi.

Ni kuwa ba wata doguwar magana na yi ba. Tambayata ta yi sana'ar mutumin da ya aiko zai zo gaishe ta, na ba ta amsa.

"Sake faɗi, Tahira."

"Mahayi ne, Inna... Sunansa Hamidu. Shi ke hau wa Alhaji Maman Lawali dawaki a sukuwa."

Ta dube ni kamar ranar ta fara ganina. Ta duƙa ta ɗauki farantin, ta goge shi da bakin zanenta, sannan ta ce in gaya mashi kada ya wahalar da kansa da zuwa.

Na san dalili. Babana Idirisa ma mahayi ne. Ina da shekara huɗu aka ɗora shi kan wani doki mai ciwon ƙafa. Ya gaya wa mai dokin ƙafar ba ta da lafiya, mai dokin ya ce baƙi sun taho daga nesa, ba za a kunyata shi ba. A kwana ta ƙarshe ƙafar ta karye, doki da mahayi suka kife. Aka kai Baba gida Tsibiri, ya kwana biyu ya cika. Da Inna ta gama takaba ta ɗauko ni muka dawo Sabon Gari, ta raine ni da sana'ar ƙuli-ƙuli. Tun daga nan ko ƙarar kofato ta ji a layinmu sai ta tashi ta tura ƙofa.

Wallahi ban je neman mahayi ba. Ina koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, a unguwar Zariya nan Maradi, wata safiya ya biyo ta bayan ajina yana motsa doki, yara suka watse suka bar ni da allo da alli a hannu. Washegari ya zo da ƙafa ya ba ni haƙuri. Ɗan siririn mutum ne, gajere, mai kunya, in yana magana ƙasa yake kallo. Sai daga baya na ji cewa shi ne Hamidun da ake kiran sunansa a rediyo, wanda ya ɗauko kofi a Damagaram da Yamai har da Katsina. Kafin in san wannan, zuciyata ta riga ta tafi.

Duk da saƙon Inna, ya zo. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa bakin ƙofar ɗaki. Inna ta amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa. Ta ce ba ƙinsa take ba, kuma ta ji ana faɗin kirkinsa. Amma ita ta taɓa wanke rigar mahayi da jini a jiki, ba za ta zauna ta ga ɗiyarta ta wanke ba. In yana sona, ya sauka daga sirdi.

Ya ce ta ba shi mako guda.

Kafin makon ya cika ya je ya gaya wa Alhaji ya bar hawan sukuwa. Shekararsa ashirin da tara, babu mahayin da ke gabansa a Maradi. Da na ji, kuka na sa mashi a waya. Na ce wata rana zai dube ni ya tuna abin da na raba shi da shi, ya tsane ni.

"Tahirata, ki share hawayenki," ya ce. "Hawa na bari, ba dawaki ba. Na daɗe ina son in horar da su da hannuna. Inna dai ta matso mani da ranar kusa."

Alhaji ya ji haushi ƙwarai, amma bai kore shi hannu rabbana ba. Ya ba shi riƙon wani dokinsa da kowa ya gaji da shi, Bidi, mai cizo da harbi, wanda ya kayar da mahaya uku. Hamidu ya ja shi zuwa Jiratawa, ya kafa rumfa a gonar kawunsa inda harawa ba ta yankewa. A gari aka yi ta dariya. Wasu suka ce tsoro ya kama shi, wasu suka ce mace ta shanye shi. Wanda ya fi kowa yaɗa zancen shi ne Zakari, mahayin da ya gaji gurbinsa a bargar Alhaji. Zakarin nan ya taɓa nemana kafin Hamidu, na ba shi haƙuri, bai manta ba.

Inna ta ce za ta zuba ido shekara guda ta gani.

Wata bakwai komai na tafiya daidai. Fadila, ƙanwar Hamidu, ke kawo mani labari: Bidi ya daina cizo, Bidi yana bin Hamidu ba ragama, Bidi ya yarda da sirdi. Hamidu ya samo mahayi mai suna Mustafa, magidanci mai natsuwa, suna aiki tare.

Ana nan sai ga Zakari wata la'asar, wai ya zo gaida Inna. Ya zauna ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ciro waya ya ce akwai abin da yake ganin haƙƙi ne a kansa ya nuna mata.

Hamidu ne a kan Bidi, a guje, ya kwanta a wuyan dokin.

Inna ta kalla har ƙarshe. Ta miƙa mashi wayarsa, ta yi mashi godiya, ta ce ya gaida gida.

Na yi fatan a ce tsohon hoto ne. Na kira Hamidu, bai musa ba. Washegari ya zo ya durƙusa inda ya durƙusa da farko.

"Na hau, Inna. Ba sau ɗaya ba ma. Ba zan yi maki ƙarya ba."

Ya ce sukuwa kam ya bar ta har abada. Amma ba zai iya ɗora ɗan wani kan dokin da shi da kansa bai ji tafiyarsa a jikinsa ba. Akwai abin da ido ba ya gani daga ƙasa. Ya ce laifinsa shi ne bai zo ya gaya mata tun farko ba, don yana tsoron amsar da zai ji.

Inna ta ce sharaɗi ɗaya ta ba shi, ya karya. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ya dube ni sau ɗaya ya fita.

Wata biyu ban gan shi ba, ban ji muryarsa ba. Ban yi wa Inna musu ba, don na san ba mugunta ke cinta ba. Amma na rame har abokan aikina suka fara tambaya ko lafiya. Inna tana gani, sai ta riƙa ƙara mani tuwo tana kau da kai.

Ranar babbar sukuwar ƙarshen shekara na sa mayafi na ce mata zan je filin. Ban taɓa taka wurin ba a rayuwata. Na jira ta hana ni.

Ta ce, "Ki dawo kafin magariba."

Ni da Fadila muka samu wuri kusa da inda ake ɗaura sirdi. Jama'a ta cika maƙil, an kawo dawaki daga Tawa da Damagaram da ƙetaren iyaka. Kowa zancen Bidi yake, don waɗanda suka ga gudunsa a Jiratawa sun baza labari. Alhaji ya zo da baƙinsa cikin manyan riguna, yana nuna masu dokin da yatsa. Mustafa ya gama shiri yana jiran a riƙe mashi likkafa.

Na hango Hamidu. Shi ma ya rame.

Ya zagaya dokin yana shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo ta gaba ta hagu sai ya tsaya. Ya ɗora tafin hannu sama da kofato, ya koma ta dama, ya sake dawowa ta hagun. Ya ja Bidi taku goma ya komo. Ni ban ga ɗingishi ba, babu wanda ya gani.

Sai ya je ya gaya wa Alhaji ƙafar tana da zafi, dokin ba zai yi gudu yau ba.

Alhaji ya ɗauka wasa ne. Da ya ga da gaske yake, fuskarsa ta sauya. Ya ce ya tara mutane, an riga an kira sunan dokinsa a lasifika, ɗan zafin ƙafa ba zai sa ya ji kunya ba. Zakari ya matso yana magana da ƙarfi don kowa ya ji, wai tsoron kaye ne, wanda ya guje wa sirdi ai dole ya guje wa fili. Ya ce in Mustafa ba zai hau ba a ba shi, shi zai hau.

Hamidu bai ko dube shi ba.

"Alhaji, dokin naka ne, sai yadda ka yi da shi. Amma Mustafa ba naka ba ne. Matarsa ko arba'in ba ta yi ba. Ni ba zan ɗora shi ba, kuma ina roƙonka kada ka ɗora kowa... har Zakari."

Ya kwance majayi da hannunsa, ya sauke sirdin ya ajiye a ƙasa.

Mutane suka yi ta ihu, wasu har da jifa da ɓawon rake. Alhaji ya ce a kama dokinsa a mayar bargarsa ta cikin gari, shi da Hamidu sun gama. Bai dai sa kowa ya hau ba. Zakari ne ya ci kofin ranar a kan wani dokin. Ina kallo Hamidu ya ɗora sirdi a kafaɗa ya ratsa jama'a shi kaɗai, ana nuna shi.

Na iske Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ban yi niyyar ba ta labari ba, amma da ta ce "Yaya?" sai komai ya zubo. Na faɗa mata tun daga shafa ƙafar har sauke sirdin.

Hannunta ya tsaya a kan rariya.

"Mai dokin ya ce a hau?"

"Ya ce, Inna."

"Gaban mutane?"

"Gaban kowa."

"Shi kuma ya ƙi..."

Ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai ranar. Ba ta share ba, ta bar su suna ɗiga cikin garin.

"Mutum ɗaya, Tahira," ta ce. "Da an samu mutum ɗaya irinsa a filin nan ranar, da yau babanki ne zai aurar da ke."

Da safe ta ce in shirya. Muka shiga mota zuwa Jiratawa. Muka iske Hamidu yana share rumfar da babu doki a ciki. Da ya ga Inna tsintsiyar ta faɗi, ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga neman tabarma. Ta ce ya bari, ba zama ta zo yi ba.

Ta ce ta yi shekara ashirin tana ɗora wa doki laifin da ba nasa ba. Ya ci gaba da aikinsa yadda ya san shi, in hawa ya kama ya hau. Abu ɗaya take roƙo, kada ya sake ɓoye mata komai.

"Ka turo magabatanka Tsibiri wurin baffanta. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Hamidu ya durƙusa ya rufe fuska da hannu biyu.

A lokacin ba shi da doki ko ɗaya, kuma babu wanda ya san ko gaskiya ce da shi a kan ƙafar. Wannan ne abin da har gobe yake faɗi in ana zancen Inna, cewa ta karɓe shi a ranar da kowa ya yar da shi.

Bayan kwana huɗu likitan dabbobi ya duba Bidi, ya ce jijiyar ta fara tsagewa, da ya yi gudun nan da ba ta kai shi ƙarshe ba. Alhaji da kansa ya zo Jiratawa da dokin, ya haɗo da wasu uku, ya nemi gafara a gaban kawun Hamidu. Zakari bai zo ba, amma ya aiko Mustafa da gaisuwa, don ya san da an biye mashi shi ne zai kasance a kan dokin.

Aka ɗaura aurenmu bayan ƙaramar salla. Yau masu dawaki daga Katsina har Damagaram ke kawo mashi nasu, kuma matan mahaya sun fi son a ce mazajensu a bargar Hamidu suke aiki. Wani lokaci in ina hango shi da safe yana duƙe yana shafa ƙafar doki, sai in ji ban san ta inda zan fara gode wa Allah ba.

Bidi ya yi wata tara yana jinya. Shekarar da ta zagayo ya shiga babbar sukuwa, Mustafa a kansa, ya bar na biyu da nisa.

Daga filin gidan Inna muka wuce, Hamidu rungume da kofi, ni da tsohon ciki ina bin sa a hankali. Muna shiga na ga ta yi sauri ta tura rediyo ƙarƙashin matashi. Hamidu ya ajiye kofin a gabanta yana murmushi.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mustafa ya sauko lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Dokin fa?"

"Shi ma lafiya."

"To, alhamdu lillahi. Ɗauke wannan abin daga hanya, ku wanke hannu. Tuwo na hucewa."