Cigiyar Ya Sallau

"Maimaita mini abin da Hajja ta ce, Zubairu!"

"Kubra, don Allah ki sassauta murya..."

"Ba zan sassauta ba! Me ta ce?"

Zubairu ya sunkuyar da kai yana juya makullin buro, wato ofishinsu, a hannunsa. Suna tsaye ne a ƙofar gidan da Kubra take haya a bayan kasuwar tattasai ta Diffa. Daga ciki ana jin muryar yayanta Sallau, yana rera wata waƙa tasa marar kai da gindi, yana tsince tattasan da ta zuba masa a tabarma.

"Ba ta ƙi ki ba, rabin raina. Cewa ta yi ki zo ku gana."

"Saboda Ya Sallau ne, ko?"

Ya gyaɗa kai.

Shekarar Sallau talatin da biyu, amma tunaninsa na ƙaramin yaro ne, haka Allah ya halicce shi. Ranar da aka kai wa Bosso hari a 2016 mahaifinsu bai fito daga garin ba, mahaifiyarsu kuma ta cika a hanya. Kubra ce ta riƙo hannun yayanta har Diffa. Shekara biyar ke nan ita ke yi masa aski, ita ke wanke masa kaya, ita ke korar yaran unguwa in sun biyo shi suna ihun "Gaula! Gaula!"

A wajen korar yaran ne ta haɗu da Zubairu. Ma'aikaci ne a wani gidan rediyo na garin, kuma shi wani proje, shirin wata ƙungiyar agaji, ya ɗauka don ya wayar da kan jama'a a daina kiran irin su Sallau gaula ko dolo ko taɓaɓɓe, a riƙa cewa mai jinkirin fahimta. Kullum da safe muryarsa na fita: "Ba gaula ba ne, ɗan'uwanka ne!" An buga maganar a riguna, an manna ta a bangon lakwal, wato makarantar boko.

Yaran unguwa sun haddace ta tsaf. Yanzu in sun biyo Sallau cewa suke yi, "Ba gaula ba ne! Ba gaula ba ne!" suna tafi suna dariya, suna jifansa da ƙwallon goruba.

Amma Zubairu daban ne. Yakan zauna a tabarma ɗaya da Sallau, su ci tuwo a kwano ɗaya. Abin da ya sace zuciyar Kubra ke nan.

Washegari da hantsi ta shirya ta je gidansu. Hajja Fanna, mahaifiyar Zubairu, ta tarbe ta da fara'a, ta sa aka kawo mata kunun gyaɗa.

"Lale, 'yata. Ina ɗan'uwan naki? Mai... yaya ma kuke cewa? Mai jinkirin fahimta."

"Yana lafiya, Hajja."

"Kin gani, na iya. Zubairu ya hana mu waccan kalmar a gidan nan, kuma wallahi na bari."

Kubra ta ji sanyi a ranta. Sai Hajja ta gyara zama.

"To amma, 'yata, canza suna ba ya canza jini. Dangina suna magana. Suna cewa in kin haifa mana irinsa fa?"

"Hajja, likita ya ce wahalar haihuwa ce ta same shi, ba gado ba ne..."

"Na ji. Ni na yarda, mutane ne ba za su yarda ba. Ba zan iya ganin ɗana ya tare da amarya, ga ƙato a tsakar gida yana dalalar da miyau a gaban baƙi ba. An ce kuna da kawu a Fulatari?"

"Kawu Idrisa. Amma Ya Sallau bai san shi ba."

"Zai san shi. Ki kai shi can, in sa a kawo kayanki cikin satin nan. In ba haka ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kwana huɗu Kubra ba ta iya cin abinci ba. A na biyar Zubairu ya zo ya durƙusa a gabanta, idonsa jajur.

"Wata uku kawai, masoyiyata! Ana ɗaura aure, hankalin Hajja ya kwanta, ni da kaina zan je in ɗauko shi."

"Ka rantse?"

"Na rantse da Allah!"

"Zubairu, kai ne fa kake gaya wa duniya ɗan'uwanka ne..."

"Ita kuma uwata ce, Kubra. Yaya kike so in yi?"

Tana son shi, son da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta kuma gaji, gajiyar da take jin kunyar faɗa wa ko da kanta. Ta amince.

Ranar da ta kai Sallau Fulatari murna yake yi a mota, yana nuna mata raƙuma. Sai da ta juya za ta tafi ya kama bakin mayafinta.

"Kubura, yaushe za mu gida?"

"Kwanan nan, Ya Sallau. Ka zauna da Kawu, ka ji?"

"Gida Bosso? Wurin Inna?"

Ta zare mayafin daga hannunsa, ta shiga mota ba ta waiwaya ba. Har suka fita garin tana jin yana kiran sunanta.

An kawo kaya kamar yadda Hajja ta yi alkawari, har da zoben azurfa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar tatar koko. Kawu Idrisa ne.

"Kubra, Sallau ya iso wurinki?"

Ludayin ya faɗi daga hannunta.

Tun ranar kasuwa ba a gan shi ba, yau kwana biyu. Wani ya ce ya ga ya hau bayan kamyon, babbar motar dabbobi.

Zubairu ya karanta cigiyar da bakinsa, sau shida a rana, da Hausa da Barbarci: ana neman wani bawan Allah mai jinkirin fahimta, dogo, baƙi, sanye da shuɗiyar riga. Kwana biyar, ko mutum ɗaya bai kira ba.

A rana ta shida suka je tashar motocin gabas. Kubra ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ta iso wurin wani dattijo, Alkali, yana ɗaure buhuna a kan motarsa.

"Baba, don Allah ko ka ga wani mutum dogo, mai jinkirin fahimta?"

"Mai me?"

"Mai jinkirin fahimta, Baba."

"Kurma ne?"

"A'a..."

"To me ne ne? Yi mini Hausa, 'yata, ina sauri."

Ta dubi Zubairu. Ya kau da kai. Kalmar da ta yi shekara biyar tana faɗa da yara a kanta, ita ce kaɗai ta rage mata.

"Gaula..." ta ce, hawaye na zubo mata. "Wani gaula, Baba. Yayana ne."

"Au, gaula! Ai sai ki ce haka! Mai waƙa ɗin nan? Ya kwana biyu a nan, yara na ta wasa da shi. Kowa ya tambaye shi sai ya ce gida za shi, Bosso. Ranar Talata wani ya ɗora shi a mota don a huta da kukansa. An ce a Barwa aka sauke shi, ya bi bakin kogin Komadugu da ƙafa."

Kwana biyu! Kwana biyu yana nan cikin Diffa, tafiyar minti ashirin daga ɗakinta, rediyo na ta cigiyarsa a kowace rumfa ta tashar, ba wanda ya gane shi ake nufi.

"Akwai wuri a motarka, Baba?"

"Akwai ɗaya a baya. Biyu ma in kun matsu."

Zubairu ya sha gabanta. "Kubra, kin haukace? Bakin kogin nan ba lafiya! Mutanen dajin nan da suka kai wa Bosso hari na tsallakowa, soja kuma in sun ce tsaya..."

"Shi ya sa zan tafi. Ya Sallau bai san tsaya ba."

"Ki bari in ƙara sanarwa!"

"Taho mu tafi tare, Zubairu. Ka rantse kai za ka ɗauko shi."

"Hajja ba za ta bari ba... Jiya ma cewa ta yi ƙaddara ce, a bar wa Allah, a sa rana."

"A sa rana..."

Kubra ta zare zoben, ta kama hannunsa ta saka masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ban ga laifinka kai kaɗai ba. Ni ce na zare mayafina daga hannunsa."

"Kubra, ina son ki! Wallahi ina son ki!"

"Na sani. Ni ma haka."

Motar ta tashi, ya bi ta da gudu har bakin titi yana kiran sunanta, sannan ya durƙushe a wurin yana kuka kamar yaro.

Wata biyu Kubra tana bin ƙauyukan bakin kogi da gonakin tattasan da aka gudu aka bari. Wani masunci ya ce ya ga mutum mai shuɗiyar riga yana waƙa a bakin ruwa. Wata tsohuwa ta ce ta ba shi fura. Daga nan labari ya yanke.

Projen ya ƙare da ƙarshen shekara. An yi taro a Diffa, an ce an ci nasara, an ba Zubairu takardar yabo. Bayan babbar salla ya auri 'yar ƙanwar Hajja.

Kubra ba ta koma Diffa ba. A Barwa ta zauna, tana tuyar ƙosai a inda motoci ke sauke fasinja. Kullum in kasuwa ta tashi takan ware guda bakwai ta rufe a kwano, don Ya Sallau ba ya ƙoshi da shida.